Hukuncin Wasan Yaƙin Jiragen Sama a Kwamfuta

Wasan yaƙin jiragen sama ya yaɗu ne a farkon shekarun 1980, lokacin da ƙananan kwamfutoci irin su Commodore 64 da ZX Spectrum, waɗanda suka fito a 1982, suka shiga gidajen jama'a a Amurka da Ingila. Cikin fitattunsa akwai F-15 Strike Eagle na kamfanin MicroProse, na 1984. Zanensa ba wani abin a zo a gani ba ne: sama da ƙasa layi ɗaya ya raba su, jirgin abokin gaba kuwa ɗan ɗigo ne da ake saitawa a harbe. A ƙasar Hausa, ta kaset-kaset na Nintendo da Sega aka fi sanin irin wannan wasa, daga baya shagunan gem da wayoyin hannu suka karɓe shi. A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, yaron da ya wuni yana korar tsuntsaye a gonar shinkafa kan zauna da yamma a kan benci, janareto na kuka a bayan shago, ya biya daga ladan wuninsa ya zama matuƙin jirgi na ɗan lokaci.

Malaman fiƙihu sukan sa irin wannan a babin lahawu, wato wasa mai shagaltarwa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, yayin da Shafi'iyya suka tsaya a kan karhanci game da shaɗaranji. A ɗaya gefen, ya inganta cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo, Annabi (SAW) bai hana ba. Ke nan kwaikwayon yaƙi shi kaɗai bai isa hujjar haramci ba. Abin da ake dubawa shi ne caca, da tozarta salla, da cin lokacin karatu ko na aikin iyaye.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce abin da wasan ke koya wa zuciya. Wanda ya harbo ɗigo bai kashe rai ba, babu diyya ko kaffara a kansa. Amma mai riƙe da mashi yana ganin fuskar wanda ke gabansa, mai kallon allo kuwa bai ga kowa ba. Fargabar abin da irin wannan wasa ke koya wa zuciya ce ta sa hukumomin Jamus ta Yamma suka hana sayar wa yara wasan River Raid a 1984. Yau yaƙin gaske ma ta allo ake yin wani sashensa. A ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar sojin ƙasa kuma ta ce kuskure ne. Babu mai cewa wasa ne ya haddasa wannan. Sai dai idon da ke kallon taron jama'a daga sama, ɗigo-ɗigo yake ganin su, kamar yadda yaron shagon gem ke ganin abin harbinsa, alhali a Tudun Biri kowane ɗigo yana da suna, da iyali, da waɗanda suka sallace shi.