Da Me Ake Auna Kyauta?

Kowace al'umma tana da ranar da dangi ke taruwa su yi wa juna alheri. Kirista suna da Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, Musulmi kuwa suna da Salla. To, da me ake auna kyautar irin wannan rana?

A ce magidanci a Bakura ya sayar da geron cin gidansa, ya tafi kasuwar Talata Mafara ya sayo wa iyalinsa shadda, don kada maƙwabta su rena shi. Tun damina ba ta faɗi ba rumbu ya ƙare. Wannan idon maƙwabta ya yi wa kyauta, iyalinsa kuwa yunwa ya sayo musu.

A ce kuma wata tsohuwa a Maradun ta miƙa wa jikanyarta tasar da ta fito da ita sa'ad da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ya ci ƙauyensu. Tasar ba ta da tsada a kasuwa, amma da ita yarinyar za ta san asalinta, har ta ba 'ya'yanta labari.

Saboda haka mai hankali ya ba da abin da ƙarfinsa ya kai, da zuciya ɗaya, kada murnar yini guda ta ci abincin shekara.