Zumunci Na Je Yi Ko Kallo?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kamata in kawo ta gabanku mu tauna tare. Tambayar ita ce: idan mutum ya tashi takanas ya tafi garin da ake zuwa shan iska, ya sauka gidan abokinsa, ya ci abincinsa, ya kwana a ɗakinsa, alhali kuwa abin da ke ransa shi ne ya ga gari, shin wannan tafiya za a kira ta zumunci? Ba a littafi na tsinci wannan tambaya ba, a kaina abin ya faru.

Ina da wani aboki tela, mutumin zangon Cape Coast a ƙasar Gana, Bahaushe ne da kakanninsa suka yi can da fatauci. Tun muna yara ya zo Kano karatu, mahaifina ya sauke shi a zaurenmu, muka shekara huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya. Bayan ya koma gida ya gayyace ni ya fi a ƙirga, kullum sai in kawo uzuri. Amma ran da na ga hotunan bakin tekun garinsu, da itatuwan kwakwa, da jiragen masunta masu launi iri-iri, sai uzurin nan duk ya watse. A shekarar 2023, saura mako biyu Babbar Salla, na kama hanya: Legas, Kwatano, Lome, Ankara babban birnin Gana, daga nan kuma tafiyar kamar mil 90 yamma. A gida na ce da kowa zan je sada zumunci, har ina kafa hujja da cewa zumunta a ƙafa take.

An karɓe ni fiye da yadda nake zato. Abokina ya bar mini gadonsa, mahaifiyarsa kuwa ba ta kirana sai da “ɗana”. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, da dare dokunu da soyayyen kifi. Kwana uku a jere ya rufe shagonsa muna yawo. Ya kai ni kasuwar Kotokuraba, ya kai ni inda masunta ke jan taru, sa'an nan ya kai ni Elmina, garin da bai kai mil 10 daga nasu ba.

A Elmina akwai wani ƙaton gini mai ganuwa a bakin teku. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingilishi a 1872. Shekaru aru-aru a cikinsa ake tara bayi kafin a tsallaka teku da su. Mai yi mana jagora ya shigar da mu kurkukun ƙasa, wuri mai duhu da ƙarancin iska, ya nuna mana 'yar ƙofar da in an fitar da mutum ta nan ba ya komowa. Daga nan ya hau da mu bene, inda gwamna ke kwana, tagogi manya-manya, iskar teku na kaɗawa. Na tsaya ina ta mamaki, na ce da abokina, “Ashe mutum na iya barci mai daɗi, wasu na ƙarƙashinsa cikin wahala?” Ya yi murmushi bai ce kome ba.

A daren nan, wajen ƙarfe biyu, na farka na ji ƙarar keken ɗinki. Na leƙa shago, sai ga abokina a zaune, idanunsa sun yi ja, ga yadin mutane tuli guda a gefensa. Watau ɗinkin Sallar da ya kamata ya yi da rana, shi yake yi da dare, tun ranar da na sauka. Da gari ya waye na tambayi tsohuwa, da ƙyar ta ce, “Ɗana, kada ka gaya masa na faɗa, mutum biyu sun zo sun karɓe yadinsu.” Duk wanda ya san tela ya san a makonnin nan ne yake samun abin da zai riƙe gida da shi wata da watanni.

Ba ina kwatanta kaina da gwamnan Elmina ba ne, don tsakanin sayar da mutane da hana aboki barci akwai nisan sama da ƙasa. Abin da ya tsorata ni shi ne, rashin ganin iri ɗaya ne. Jiya-jiya nake mamakin mai barci a bene, ga shi ni ma kwana uku ina sharar barci, bango ɗaya tsakanina da mai wahala domina. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni yawon buɗe ido na je, na ga ginin da ya haura shekara 500, ban ga mutumin da ke tafe kusa da ni ba.

To, wani zai ce ai ba laifi na yi ba. Na farko, ba ni na ce ya rufe shago ba, shi ya zaɓa, kuma karrama baƙo abin alfahari ne ga mai gida. Na biyu, tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuwa ya kori ji, abin da na koya a Elmina ba zan same shi a aji ba. Na uku, wace niyya ce ta ɗan Adam ba ta da gauraye? Mai zuwa biki ma yana da rabin zuciya a kan tukunya.

Duk na yarda da waɗannan, amma ba su wanke ni ba. Zaɓin da abokina ya yi ba zaɓi ne na sakewa ba, domin kunya da tunanin tuwon zaurenmu sun ɗaure shi, ba shi da bakin da zai ce mini lokacin bai dace ba. Idan al'ada ta hana mai gida faɗin nauyin da ke kansa, to, ta ɗora wa baƙo ya gano nauyin da kansa. Shi ya sa addini, da ya yi umurni da karrama baƙo, ya sa wa liyafa iyakar kwana uku, ya kuma hana baƙo zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Game da gaurayen niyya kuwa, ba son kallo ne aibina ba. Aibina shi ne na sa wa kallo rigar zumunci, saboda haka na more haƙƙin ɗan'uwa, na bar masa kuɗin otal da na jagora ya biya da barcinsa. Da na ce masa tun farko teku nake son gani, da ya ce in bari sai bayan Salla.

A ganina ma'aunin guda ne: ka tambayi kanka, da abokin nan a wani ƙauye yake, ba teku, ba abin kallo, za ka je? In amsar i ce, je ka, kallon da ka yi riba ce. In a'a ce, ba a hana ka tafiya ba, amma ka kira ta da sunanta, ka ɗauki nauyin kanka, ka tambayi lokacin da ya dace da mai gida.

Washegari mun shirya zuwa dajin Kakum, inda ake tafiya a kan gadar igiya a saman itatuwa. Na ce na fasa. Ranar Talata ce, ranar da masuntan ƙasar ba su shiga teku, na ce ni ma yau na huta da kallo. Sauran kwana huɗun da na yi, a shago na yi su, ina guga, ina sa maɓalli, muna hirar da ba mu samu yi ba duk kwanakin yawo. A nan na ji labarin rasuwar ɗansa na fari, wadda ban taɓa sani ba.

Har yau in na auna kaina da ma'aunin nan, na san ba don teku ba da ban je ba. Ya sake gayyata ta, na kuwa yi alkawarin zuwa bayan Salla. Kakum tana nan ban gan ta ba, ina kuma roƙon Allah kada ta zama ita ce za ta mai da ni. Allah ya sa mu gane, amin.