Kada Ka Raba Sinadari Da Sunansa

Ɗana, ko fenti kake yi, ko faci, ko kanikanci, ko kuwa maiɗakinka ce ke haɗa sabulun ruwa tana sayarwa, ka ba ni aron kunnenka.

Ba zan ce ka guji sinadarai ba, domin da su ake neman halali. Soda ce ke mayar da mai ya zama sabulu. Tina ke tsinka fenti har ya bi jikin ƙarfe sumul. Ruwan batir ke riƙe wutar da ke tayar da mota, majemun Challawa da Sharada a Kano kuwa da gishirin kuromiyam suke jeme fatar da ake fita da ita ƙasashen waje. Kowanne da aikinsa, kuma a masana'anta an san yadda ake bi da shi.

Fargabata tana farawa ne daga ranar da abin ya baro can. Yakan fito cikin duro mai rubutu, da hoton ƙoƙon kai ko harshen wuta a jikinsa. Dila ya juye a jarka, mai shago ya auna maka a gorar lemo ko ya ƙulla a leda, kai kuma ka kawo gida ka jingine bayan ƙofa. Kafin ya iso hannunka babu sauran suna, babu gargaɗi. Ruwa ne garai-garai, ko farin gari kamar sukari.

To, ka tuna da yaronka ɗan shekara biyu, wanda duk abin da ya gani a gorar lemo lemo ne a wurinsa. Mai sabulu takan jiƙa soda a roba ta bar ta ta kwana ta huce, da safe ba ka bambanta ta da ruwan randa. Kurɓi ɗaya ya isa ya ƙona baki da maƙoshi. Abin tausayin ma yana gaba: bayan makonni ciwon ya warke, tabo ya tsuke hanyar abinci, yaron da ke cin tuwo ya koma ko kunu ba ya wucewa, sai an yi ta zarya asibiti ana buɗa hanyar, wani ma sai an huda ciki an sa masa roba. Mu kuwa sai mu ce tsautsayi ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma hannun babba ne ya ajiye robar a ƙasa.

Kada ka ɗauka yara kaɗai ke ruɗuwa. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara 84 a Najeriya, saboda an haɗa shi da diethylene glycol, wani ruwa mai zaƙi-zaƙi da ake sa wa a man birki, wanda ke kashe ƙoda. Irinsa ne ya kashe yara sama da 100 a 1990 ta cikin ruwan farasitamol, ya kuma sake ɓulla a Gambiya a 2022. A ido bai da maraba da ruwan da ya halatta a sa a magani. A 2021 kuma a Kano ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Saboda haka duk abin da zai shiga cikin mutane, kada arha ta sa ka saye shi a buhun da ba rubutu, ba lambar NAFDAC.

A wurin aiki, soda ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa, don takan yi zafi ta fantsamo ido. Kada a gwama bilic da ruwan wanke masai mai asid, iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da murhu, don haka ka buɗe taga, ka nisanta shi da wuta. Ka daina wanke hannu da shi ko da fetur kana shirin cin abinci. Kai kuma mai faci, don Allah kada ka sayar wa yaro sholisho alhali ka san ba taya zai liƙe ba. Abin da ke cikinsa ƙwaƙwalwa yake ci.

In ya zama dole ka juye wani abu, ka rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a jikin mazubin, ka rufe, ka ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. In kuwa abin ya faru, Allah Ya kiyaye, kada a tura wa yaro yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. Soda in ta dawo sake ƙonawa take yi, kananzir kuma huhu yake faɗawa. Ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na minti 20. Sannan a garzaya asibiti, kuma ka riƙo mazubin a hannunka, domin tambayar farko da likita zai yi maka ita ce me ya sha.