Ko-in-kula da Karan Sigari

"Wa ya aiko ka?" Da wuya ka ji mai tebur ya yi wa yaro wannan tambaya in ya miƙo kuɗi ya ce a ba shi kara biyu. Zai karɓa, ya ba da canji, ya juya ga mai sayen ashana. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Halin ko-in-kula ne, kuma a ganina ɓarnarsa ta fi ta mugunta yawa, domin mai shi ba ya jin ya yi laifi.

A Amurka, wani ƙaramin gari mai suna Needham a jihar Masacusets ya ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21 a 2005. Jihar Hawai ta bi sahu a farkon 2016, sannan a Disambar 2019 dokar ta game ƙasar baki ɗaya. Hujjarsu ita ce ta fi jan hankalina. Mafi yawan mashaya sun fara ne kafin su cika 18, kuma ɗan shekara 15 ba kanti yake zuwa ba. Wajen ɗan 18 yake samu, wanda suke makarantar sakandare ɗaya, suke wasan ƙwallo tare. Mai 21 kuwa ya riga ya bar wannan da'irar. Wato hannun da ke miƙa wa yaro karan farko aka nufa. Nikotin kuma ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba.

Mu ma a Nijeriya ba doka muka rasa ba. Ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. Amma je ka tasha ko bakin kasuwa ka gani da idonka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne uban da ke aiken ɗansa ya sayo masa, wani lokaci har ya ce ya kunno a hanya. Shi da kansa ya koya wa yaron farashi da wurin saye, ya kuma cire masa kunyar tambaya.

Ina goyon bayan a kai shekarun zuwa 21, sai dai ɗan sanda ba zai kwana a gaban kowane tebur ba. Malam mai tebur, in yaro ya zo gobe, mayar masa da kuɗinsa, ka ce wanda ya aiko shi ya zo da ƙafarsa.