Mai Gadon Sarauta a Bakin Ƙofa

A garin Malanville, inda gada ta haye kogin Kwara zuwa Gaya, ba a rasa masu gardama a kan sarauta. Fatake daga Kamba da Dosso da Kandi suna haɗuwa a kasuwa, kowa da labarin ɗan sarkin garinsu wanda ya nema ya samu, ko ya nema ya rasa. Akwai tambayar da takan taso a irin wannan hira: in mai gadon sarauta ya sunkuyar da kai, tawali'u ne ko dabara ce?

Wani marubuci ɗan Ingila, J. R. R. Tolkien, ya ƙaga dogon labari mai suna The Lord of the Rings, wanda aka buga a 1954 da 1955. A ciki akwai Aragorn, jikan sarakunan Gondor, ƙasar da wakilai suka riƙe kusan shekara 1,000 ba sarki. Da ya zo da mayaƙa ya ceci babban birnin, sai ya ƙi shiga. Ya naɗe tutarsa, ya kafa tanti a bayan ganuwa, domin yana tsoron kada gardamar gado ta raba mutane alhali yaƙi bai ƙare ba. Da dare ya shiga a ɓoye ya yi jinyar masu rauni, kafin gari ya waye ya fita. Bai karɓi kambi ba sai da aka tambayi jama'a suka yarda.

Masu karatu da yawa suna yabon wannan hali, ni ma ina yabonsa. Amma mai karatu ya lura, jiran nan bai hana Aragorn kome ba. Birnin ya riga ya ga ƙarfinsa, wakilin da zai yi hamayya da shi ya mutu, wanda ya gaje shi kuwa Aragorn ne ya warkar da shi. Mai jiran tuwon da aka riga aka zuba masa ba ya shan wahalar haƙuri. A nan tawali'u da wayo sun bi hanya ɗaya, ba mai iya raba su, kuma marubucin ne ya shirya musu hanyar.

Tarihin ƙasarmu ya fi wannan tsanani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817. Ƙanensa Abdullahi babban malami ne, jarumi, ya kuma girmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu. Kowa na iya cewa shi ne ya cancanta. Da ya iso Sakkwato, sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofa. Shi ma ya tsaya a bayan ganuwa kamar Aragorn, amma ba wanda ya fito ya kira shi. Ya juya, ya zauna a Gwandu da ɓacin rai. Ba a ɓoye wannan ba, ya daɗe bai amince da ɗan wansa ba.

Bayan 'yan shekaru aka yi tawaye a Kalambaina, kusa da Gwandu, ya kuwa gagari Abdullahi. Bello ya zo da runduna ya taimake shi. Ana ba da labari cewa da suka sadu bayan nasara, Bello ya yi shirin sauka daga doki ya gai da baffansa, sai Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Wani zai ce ai dole ce ta sa, tun da an cece shi. Gaskiya ne, dole tana ciki. To amma dattijo nawa aka taimaka suka ƙara jin haushin wanda ya taimake su? Abdullahi yana da almajirai, yana da ƙasashen yamma a hannunsa, yana da hujjar ilimi. Da ya ci gaba da riƙe ƙorafinsa, da daular ta tsage biyu tun tana jaririya. Ya sunkuya yana sane cewa kujerar Sakkwato ta wuce shi har abada. A ganina a nan ne ake iya auna mutum, domin amfanin ya tafi ga jama'a, hasarar kuwa ta zauna a kansa shi kaɗai.

Mutanen Benin suna da nasu misali mai wuyar yanke hukunci. Mathieu Kérékou, wanda ya ƙwaci mulki a 1972, ya yarda da hukuncin babban taron ƙasa a Kwatano a watan Fabrairu 1990, ya faɗi zaɓe a 1991, ya ba Nicéphore Soglo wuri ba tare da harba bindiga ba. Shekara biyar ya yi shiru. A 1996 aka sāke zaɓensa, ya yi mulki har 2006. Masu ƙaunarsa suna cewa tuba ce ta gaskiya, masu shakka kuwa suna tuna cewa hawainiya ce alamarsa. Har yau ba su daidaita ba, ko da yake dukansu sun yarda cewa a ranar da ya sauka a 1991, bai san za a sāke kiransa ba.