Kafin Ka Janye Nama Daga Cefane

Ɗana, magana ta yawaita a waya cewa rage cin nama shi ne lafiya, har na ga wasu magidanta a Samaru sun samu hujjar janye ɗan kuɗin kifi da ƙwai daga cefane. Zauna ka ji.

Maganar tana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. A shekarar 2015 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun bayyana cewa naman da aka sarrafa don ya daɗe, irin na gwangwani, yana cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji, jan nama kuma suka sa shi cikin zargi. To amma wa ake yi wa wannan gargaɗi? Mutumin da ke cin nama safe, rana da dare, irin na Amurka da Turai. A nan ma akwai su. Idan kai ne mai tsayawa wurin mai balangu a Sabon Gari kullum bayan isha'i, ka ci kitse ka kora da lemon kwalba, ga tumbi ga hawan jini, to da kai ake. Rage.

Amma 'ya'yanka fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Mata masu shekarun haihuwa kuma, binciken ya nuna kashi 58 na fama da ƙarancin jini. Waɗannan ba nama ne ya yi musu yawa ba. Koko ne da safe, tuwo da miyar kuka da dare, yaro ya ƙoshi amma jiki bai samu abin ginuwa ba. Tun a 1933 wata likita, Cicely Williams, ta ga irin wannan tamowa a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla.

Kada ka ce ai akwai wake. Akwai, kuma Allah ya saka wa masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da suka fitar mana da ingantattun irin wake da waken suya. Ƙosai, alala, awara da ƙuli-ƙuli abinci ne na gaske, a yawaita su. Sai dai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, ba a samunsa a hatsi ko wake, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Sinadarin ƙarfe ma na jikin nama ya fi saurin shiga jini. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da ake yaye, su ne suka fi kowa bukata, su ne kuma muke bari da romo, maigida ya ɗauke tsoka. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai. Haka camfin nan na cewa ƙwai yana koya wa yaro sata, ba shi da asali ko kaɗan.

Na san tsada, ba daga sama nake magana ba. Ba sai ka sayi kilo ba. Ƙwai ɗaya, ludayin kindirmo a fura, busasshen kifi a daka a zuba cikin kunun yaro, hanta sau ɗaya a mako, ko soyayyiyar fara a lokacinta. Kaji biyu a tsakar gida ma suna rufa asiri. Kazar Shika Brown mai yawan ƙwai a nan kusa da mu aka samar da ita, a cibiyar binciken dabbobi ta Shika.

Tsoho kuma kada a hana shi nama don kawai ya tsufa, domin tsokar jikinsa zagwanyewa take yi. A dafa masa ya yi laushi. Wanda ke da ciwon ƙoda ne lamarinsa daban: shi a kai shi asibiti, likita ya yanka masa gwargwadon da zai ci.