Waƙar Zinariya da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa mai tara tsabar zinariya,
Saurara in ba ka hukunci na gaskiya.
Sayenta halal ne, hannu da hannu ka biya,
Jinkiri riba ne, ko da na yini ɗaya.
Miskali ashirin in sun shekara a ajiya,
Rabin miskali na miskinai ne, bar jayayya.
Wanda ya hana, ran tsayuwa zai sha wuya,
Da ita za a yi mai lalas a goshi da baya.

Sharhi

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana fatake na Arras da sauran Tireshbil da Ajame a birnin Abijan, na san dalilinku. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya ajiye takarda ya wayi gari da rabi, mai zinariya bai girgiza ba. Tsare dukiya ba laifi ba ne, amma da sharaɗi biyu.

Na farko, malamai sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa. Saboda haka ba a sayen tsabar zinariya bashi, ba a biya yau a karɓa gobe. A majalisi ɗaya ake bayarwa a karɓa.

Na biyu, zakka. Nisabi miskali 20 ne, kimanin giram 85, ana fitar da ɗaya bisa arba'in kowace shekara. Krugerrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara bugawa a 1967, tana ɗauke da giram 31.1 na zinariya tsantsa. Guda uku sun wuce nisabi. Napoleon ta Faransa mai faran 20 tana da giram 5.8; guda 15 sun kai.

Kada wani ya ce, "Ni sha'awa ce ta sa nake tarawa." A mazhabar Imamu Malik kayan adon da mace ke sawa aka ɗauke wa zakka, ban da tsabar da ke kwance a akwati. Wadda ba a fitar wa zakka ba ita ce taskar da Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, ta yi wa narkon azaba.

Ku buɗe akwatunanku, ku auna, ku fitar tun kuna da iko. Allah Ya tsarkake dukiyarmu da zukatanmu, amin. Wallahu a'alamu.